Lambun Muriel a Zangon Hunturu

Muriel matar yayana Desmond ce, kuma ba a cikinmu aka haife ta ba. Mu 'yan lilo ne tun kakanni. Daga farkon bazara har ƙarshen kaka muna kan hanya, gari gari a arewacin Ingila, mu kafa lilon dawakan katako da rumfunan alawa a filin kasuwa, mu yi kwanaki, mu kwance mu ƙara gaba. In an tashi babban bikin garin Hull a watan Oktoba, sai mu ja taragunmu, wato gidajenmu masu taya, mu koma zangon hunturu. Wani fili ne a bayan gari, tsakanin layin dogo da tsohuwar ma'ajiyar kwal. Nan muke zama har sanyi ya sassauta, maza na gyaran injuna da fenti, mata na ɗinkin tamfol da faɗa da yara.

Ita kuwa 'yar gari ce, irin mutanen da muke ce wa mazauna. Mahaifinta, Mista Platt, shi ke kula da lambun shaƙatawa na wani garin masaƙu, ita kuma tana aiki a gidan burodi. Ranar da suka haɗu da Desmond ina wurin, ina karɓar tikiti. Ta hau doki ita da ƙawayenta, shi kuma ya taho yana tafiya da baya a kan dandamalin lilon yana cikin juyawa, hannu a aljihu, kamar yadda samarinmu ke yi in sun ga 'yan mata. Bai ankara ba ya taka guntun alawa da wani ya yar, sai ga shi a ƙasa warwas. Ƙawayen suka yi ta dariya. Ita ma ta yi, amma da lilo ya tsaya sai ta sauko ta miƙa masa hankicinta ya goge haɓa. Da shekara ta zagayo muka koma garin, aka yi aure a cocin unguwarsu.

Mama ba ta so ba. A gaban amarya ta ce wa Desmond, “Ka kwaso mana mazauniya. Wannan hannun nata ko igiyar tamfol ba zai ja ba. Kafin kaka za ta koma wa ubanta.”

Cikin 'yan makonni Muriel ta koyi murza alawar auduga, ta koyi kwance rumfa cikin ruwan sama, ta koyi ciyar da ƙattin ma'aikata daga ɗan murhun da tukunya biyu ke cika shi. Abu guda ne ta kasa bari. Ta zo da tukwanen jajayen furanni daga lambun mahaifinta, duk inda muka sauka sai ta jera su a matakalar taragonta, in za mu tashi ta cusa su duk inda ta ga sarari. Wata rana sararin da ta samu a taragon Mama ne, ba da sanin Mama ba. Muna gangarowa daga kan tudu motar ta faɗa rami. Da aka buɗe ƙofa, ƙasa ta bule kabad ɗin tangaran, irin tangaran ɗin da ko mu 'ya'yanta ba mu isa mu taɓa ba, har wasu kofuna sun fashe.

Mama ta daɗe tana kallon ɓarnar, sannan ta ce, ba tare da ɗaga murya ba, “Daga yau abin da ba ya ciyar da mu ba ya hawa mota.”

Nan a bakin hanya Muriel ta bar ragowar furannin, a kan katangar duwatsu, ko wani mai wucewa zai ɗauka.

Hunturunta na farko a zango ya ba ta wuya. Mu da muka tashi a wurin ba mu ganin muninsa, amma gaskiya ba abin kallo. Ƙasa duk tokar kwal ce da baƙin mai, ga tulin ƙarafa, ga duhu tun kafin a sha shayin yamma. Taragona na kallon nata, sai in riƙa ganinta tsaye a taga, riƙe da tsumman goge kwano, ba ta goge komai. Wata rana na shiga aron sukari na tarar da ita haka, na ce, “Matar yaya, kewar gida kike?”

Ta ce, “Ba gidan ba, Rhoda. A wajenmu hunturu lokacin jira ne. Ana haƙuri da shi don an san abin da zai fito bayansa. To ni a nan me zan jira? Ranar da furanni za su buɗe muna kan hanya, ranar da za mu dawo sun mutu.”

Sai na ce ta zo mu je sayen kifi da soyayyen dankali.

Ana gab da Kirsimeti mahaifinta ya zo a motar haya, da hular malafa da wani tsohon bokiti a hannu. Mutum ne marar yawan magana. Ya zaga zangon, ya kankare ƙasa da dunduniyar takalmi, ya ga ba komai a ƙarƙashi sai wata tokar. Ya girgiza kai ya ce, “Nan ko ciyawa sai ta yi shawara kafin ta fito.” Sannan ya ajiye bokitin a matakala. Wasu ganyaye ne a ciki masu kauri, kore mai duhu, ba wani kyau.

Muriel ta ce, “Baba, helebo ka kawo mini? Wanda kake dasawa a bayan rumbun taki?”

Ya ce, “A can nake dasa shi don ba mai fitowa yawon lambu a watan Janairu, ba mai ganinsa. Ke kuwa Janairu ne kike gida. Ki daina kukan bazara, 'yata, ba taki ba ce yanzu. Akwai tsirran da ba sa farkawa sai kowa ya kwanta. Su za ki nema.”

Bayan sabuwar shekara da 'yan kwanaki abin ya yi fure, fari fat, a tsakiyar ƙanƙara, kowane fure ya sunkuyar da kai ƙasa. Yara suka sa masa suna Mai Kunya, sunan ya bi shi. Har Mama, da ta zo wucewa da bokitin kwal, ta tsaya ta sa yatsa ta ɗago haɓar guda ta leƙa cikinsa. Ta ce, “Ba laifi,” ta wuce. A bakin Mama wannan yabo ne babba.

Daga nan Muriel ta samu abin yi. Duk watan Janairu sai ta ja ni mu shiga motar haya mu tafi wajen masu sayar da dashe a ƙauyuka, lokacin da ba kowa a wurin sai mai shi da karensa. Na tuna wani dattijo da ya fito daga ɗakin gilashi yana hura hannu, ya dube mu, jiƙe sharkaf, ya ce, “Iyayen gida, kun yi ɓatan wata ne? Ku dawo a Mayu ku ga kaya.”

Muriel ta ce, “A Mayu ai kowa kyakkyawa ne. Yau nake son ganin fuskarsu, ba kwalliya.”

Ta wuce shi ta nufi can ƙarshen fili inda ake jibge abin da ba a saya. Ba fure take fara nema ba. Ganye take dubawa, ko yana nan daram ko ya zube. Ta dubi launin reshe, ta dubi 'ya'ya, ta sunkuya ta sansana. In abu ya yi mata, sai ta zare shi daga tukunya ta duba saiwa, sannan ta tambayi mai shi abin da ya fi damunta: “In na tafi na bar shi wata da watanni a inuwa, ba mai lallashi, zai yafe mini?” In mutumin ya yi jim, ta mayar ta ajiye. Ni kuwa idona na kan 'yan furannin nan masu launi barkatai da ake jerawa a bakin ƙofa. Takan bar ni in saya. Mako biyu in sanyi ya dake su sai su kwanta luɓus kamar dafaffen alayyafo, ta leƙo daga tagarta ta ce, “Haka kika zaɓi miji, Rhoda. Ƙyalli kika bi.” Ba ta yi ƙarya ba, don nawa mijin a lokacin ya riga ya bi wata mai rumfar harbi.

Tukwanen yumɓu ta fara saye, sanyin farko ya fasa rabinsu. Sai ta koma kan kayanmu da suka mutu: garewanin fenti, tsohon bahon wanka, wani kwale-kwalen lilo da gindinsa ya ruɓe, har da 'yar motar karo ta yara da injinta ya ƙone. Desmond ne ke huda musu gindi yana mita. Kowanne sai ta ɗora shi a kan bulo, don a cewarta ba sanyi ke kashe su ba, zama cikin ruwa ne. A motar karo ta dasa wani tsiro da in ganyensa ya zube sai rassansa su rage jajur, muka sa masa Jan Sanda. Ta ajiye shi ta yamma, yadda in rana ta yi ƙasa za ta haska ta bayansa, sai ka ce wuta aka kunna a cikin motar. A gindin matakala kuma ta ajiye wani ɗan guntun tsiro marar fasali wanda ba mai kallonsa sau biyu. Furensa ƙanana ne, sai an nema, amma a tsakiyar hunturu ƙanshinsa kan danne warin man dizal. Maza sukan zo wai aron sifana, su tsaya a matakalar suna jan numfashi, ba wanda zai yarda abin da ya kawo shi ke nan.

Kafin mu fita a farkon bazara sai ta sare Jan Sanda har kusan ƙasa don ya fito da sababbin rassa, ta sa a ja tukwanen duka zuwa inuwar rumbun injuna, ta bar su a hannun Kawu Silas. A wajenmu duk babba Kawu ne ko Anti, da dangantaka ko babu. Silas ɗan damben rumfa ne a da, gwiwa ta hana shi tafiya, sai ya zama mai gadin zango shi da karnuka. Duk shekara sai ya ce, “Ni da na kwantar da ƙattin masu haƙar kwal, yau ni ne mai shayar da ganye.” Duk shekara kuma in mun dawo sai mu tarar ba wanda ya bushe. Ruwan wanke-wanke yake zuba musu da guntun shayi, yana zaginsu ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya fi ba ta wahala shi ne wani ɗan itace mai ƙaya da ake kira holi. Ta sayo shi don jajayen 'ya'yansa, ta ba shi garwa mafi girma, shekara ta bi shekara ba ɗa ko guda, sai ƙaya. Desmond ya samu abin tsokana. Duk safiya in ya fito sai ya cire hula ya gaishe shi: “Barka da hutawa, ranka ya daɗe.” Da ta gaji ta tambayi mahaifinta, ya yi dariya ya ce ai mace ce, kuma ba za ta yi 'ya'ya ba sai da namiji a kusa. Muriel ta je ta samo wani ramamme, karkatacce, ta ajiye shi a gefe. Hunturu na gaba macen ta cika da 'ya'ya har rassan na ranƙwafawa. Muna shan shayi a taragon Mama sai Desmond ya nuna ramammen ta taga ya ce, “Shi wancan mene ne amfaninsa?”

Muriel ta ce, “Ba ya komai sai tsayuwa a gefe, amma in babu shi ba 'ya'ya. Sunansa Desmond.”

Mama ta yi dariya har shayi ya sarƙe ta. Lokacin Muriel na da cikin 'yarsu Lorna.

Akwai shekarar da aka yi wani sanyi da har yau tsofaffi ke maganarsa. Famfon zango ya daskare, man motoci ya yi kauri kamar kunu. Saiwar da ke cikin tukunya ba ta da mafaka irin ta cikin ƙasa, sai Muriel ta bi su da buhunan algarara tana naɗewa, da buhu ya ƙare ta koma kan tsofaffin riguna, har da kwat ɗin Desmond na zuwa jana'iza. Da rana tsaka muna cikin wannan aiki, yatsunmu ba sa lanƙwasuwa, sai ga Mama ta fito da sandarta, da bargon gadonta a kafaɗa. Ta jefa wa Muriel ta ce, “Ki rufa wa na bokitin nan. Shi ya riga su zuwa.” Duk da haka Muriel ta yi asara da yawa a shekarar. Ta tsaya a kan gawarwakin ta ce, “To, na san su waye nawa,” ba ta ƙara sayen irin waɗanda suka mutu ba.

Haka muka yi shekaru. Mama ta rasu, Silas ya bi ta, wani tsohon ya gaji gadin da shayarwar. Lorna ta girma ta yi karatun jinya ta auri mazauni, ta koma gidan bulo. Sauran matan zango ma suka fara ajiye tukunya ɗaya biyu a matakala, kowace ta zo ta ce, “Anti Muriel, me zan sa a nan?” Ita kuma sai ta tambaye ta, “Ta wace taga kike wanke kwano?” Don a ganinta ba mai zaga lambu a hunturu, daga cikin ɗaki ake kallonsa, ko a wuce ta gefensa da gudu.

Desmond ya haura sittin lokacin da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi, muna cikin loda motoci za mu fita. Hannu da ƙafar dama suka mutu, magana ta koma guntu-guntu. Ɗan ƙanensa ya karɓi lilo, mu muka tafi, su biyu suka zauna. Wannan ne karo na farko tun aurenta da Muriel za ta yi bazara a wuri guda. Da za mu rabu na ce mata, don in ƙarfafa mata gwiwa, “Ga shi nan abin da kika daɗe kina so. Ki cika zangon nan da furanni, mu dawo mu kasa gane shi.”

A watan Yuli muka sauka a wani gari kusa, na samu rana guda na zo duba su. Zangon fayau, ba kowa sai karnuka da ƙudaje. Desmond na barci a kekensa a inuwa. Na duba ko'ina ban ga furen bazara ko ɗaya ba. Tukwanenta na nan a inda ake ajiye su, kore shar, ba abin da ya bambanta wannan da wancan. Na ce, “Ina furannin?”

Ta ce, “Na je wajen masu dashe a Mayu. Na tsaya a tsakiyarsu, ja da ruwan ɗorawa da shuɗi ko'ina, kaina ya yi ta juyawa, na rasa wanda zan ɗauka. Na dawo hannu wofi.” Ta zuba mini shayi. “Su kuma waɗannan, kin gan su. Ashe haka suke yi in ba ma nan. Barci kawai.”

Na ce, “To ai kin huta.”

Ta ce, “Rhoda, ran Laraba in ta zo jikina sai ya tashi, in ji kamar akwai rumfar da ban kafa ba. Jiya na tsinci kaina ina ɗaure kofuna da tsumma kamar za mu tashi. Yaya filin bana? Sun ba mu gefen coci ko sun tura mu bayan mahauta?”

Har na tafi ba ta yi mini maganar shuka ba. Labarin hanya take tambaya, wa ya yi faɗa da wa, wace mota ta lalace, ko an yi ruwa ran Asabar.

Da muka dawo a ƙarshen Oktoba na tarar ta sake wa lambun tsari. Da can a matakala da gefen tagar kicin take jera komai. Yanzu ta sa samari sun ja su duka zuwa gaban babbar tagar da Desmond ke zama, ta ɗora ƙananan a kan akwatuna don su kai daidai idonsa. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana wuce su da gwangwanin mai a hannu, yanzu ba shi da abin kallo sai su. Ya san lokacin da rana ke kaiwa bayan Jan Sanda, in ya kusa sai ya buga hannun keke da zobensa a zo a share masa gilashi. Ya ƙulla gaba da wasu baƙaƙen tsuntsaye masu satar 'ya'yan holi. Kalmominsa sun ragu ƙwarai, amma zagi bai bar shi ba, in suka sauka sai a ji shi tun daga taragona.

Wata safiya ina wurin ta shigo da furen Mai Kunya guda, ta sa a ƙaramin faranti da ruwa, fuskarsa na kallon sama, ta ajiye masa a cinya. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗago ya ce, da ƙyar, “Da... haka cikinsa yake?”

Ta ce, “Haka yake tun kafin a haifi Lorna. Kai ne ba ka sunkuyawa.”

Ya yi 'yar dariya da gefen bakinsa mai motsi.

Hunturu biyu ya yi a wannan taga. Ya rasu a ƙarshen Fabrairu, ana ta gwajin injuna a waje. Jana'izarsa ta cika gari, 'yan lilo daga ko'ina, da furanni da aka ɗaure su siffar doki.

Kowa ya ɗauka Muriel za ta koma wajen Lorna, don akwai ɗaki da aka gyara mata, ga lambu na gaske a bayan gida. Ana saura kwanaki mu fita sai na gan ta tana wanke injin alawar auduga. Na ce, “Matar yaya, me kike yi?”

Ta ce, “Me ya yi kama da shi? Ki matsa mini a motarki.”

Ta yi kusan shekara goma tana bin hanya bayan haka, har sai da idonta ya fara gazawa. A cikin shekarun ne aka sayar da filin zangon za a gina gidaje, aka ba mu wani a can gefen babbar hanya, shimfiɗe da kankare. Mutane sun yi baƙin ciki, don a tsohon aka haifi yawancinmu. Ranar tashi maza suka ba da mota guda sukutum don tukwanen Muriel, ba wanda ya roƙe su. Ta zauna a gaba kusa da direba tana ce masa ya bi a hankali, holi na leƙowa ta saman mota, mutanen gari na tsayawa suna kallo.

A watan Agusta Muriel ta rasu, a gidan Lorna, bayan gajeriyar jinya. Muka rufe rumfuna muka zo. Da hunturu ya shigo Lorna ta zo sabon zango da mijinta da motar haya, ta ce kowa ya ɗauki abin da yake so, ragowar za ta kai gida. Aka ɗan yi cacar baki a kan wasu, kamar yadda aka saba. Ni ƙaramar tukunya na ɗauka, don ƙarfina ya ragu. Manyan duka Lorna ta kwashe, ta fasa garewanin da suka yi tsatsa, ta dasa su a ƙasa a bayan gidanta.

Na yi shekaru ban je ba, sai bara da ta matsa mini na je cin abincin Kirsimeti. Bayan an ci ta ce in zo in gani. Na tsaya a ƙofar baya na kasa gane ko ɗaya a cikin tsirran. Holi ta wuce rufin gareji. Jan Sanda ya bazu ya cinye kusurwa guda. Ɗan tsiron nan mai ƙanshi da na sani bai wuce gwiwata ba, yanzu ya kai ƙirjina. Abin da suka yi shekaru suna takure a garwa, da suka samu ƙasa sai suka saki jiki.

Lorna ta ce, “Anti, ba ki ce komai ba. Ba su yi kyau ba?”

Na ce, “Sun yi. Sun yi ƙiba ne kawai, kamar duk wanda ya bar hanya.”

Ta yi dariya ta ce maƙwabcinta ma ya fara ƙorafi, wai holi na tare masa haske, kuma ita tsoron taɓa su take yi, kada ta yanke abin da bai kamata ba. Na ce mata ni ma ban sani ba, ni rakiya kawai nake yi da riƙe jaka. Muka ɗan ƙara tsayawa har sanyi ya fara shiga ƙafata, sannan mijinta ya leƙo ya ce shayi na hucewa, muka koma ciki.